Tabar da Kawu Ya Ce a Busar

Babu abin da nake tsoro a duniya kamar a ce aiki ya lalace a hannuna. Ba na tsoron duhu, ba na tsoron kare, allura ma nakan miƙa hannu in kau da kai. Amma in aka ce, "Wa ya yi wannan?" aka juyo ana dubana, sai in ji kamar ni ne mai laifin, ko da ban taɓa ganin abin da ake magana a kansa ba. Wannan tsoro ne ya sa na fita da sakamako mai kyau a makaranta, ba don na fi kowa ƙwaƙwalwa ba, sai don na fi kowa fargaba.

Difloma ce da ni a fannin adana iri, ina kuma aiki a kamfanin kawuna, yayan mahaifiyata. Aikinmu shi ne manoma su kawo mana irin da za su shuka baɗi, mu tace shi, mu busar, mu ajiye musu har lokacin shuka ya zo. Ni ke riƙe da ɗakin busarwa. Ɗaki ne marar taga, mai ƙofar ƙarfe da aka bi gefenta da roba don kada iskar waje ta shiga. A ciki akwai farantan raga jere a kan kantoci, da na'urar da ke zuƙe danshi daga iska, tana gurnani daga safe har yamma. A sana'armu danshi shi ne abokin gaba. In iri ya sha danshi, ko dai fumfuna ta kama shi, ko ya tsira a cikin buhu, shekarar mutum ta tafi ke nan. Saboda haka duk wanda ya daɗe a cikinmu, in ya taɓa abu ya ji laima, gabansa kan faɗi tun kafin ya yi tunani. Kawu ya fi kowa. Ko burodi aka kawo masa mai taushi, sai ya danna shi da yatsa yana harararsa.

Kawu ba ya kirana da sunana. Tun ranar da na kawo masa takardar shaidata, ya juya ta gaba da baya, ya raɗa mini Difloma, sunan kuma ya bi ni har bakin direbobi da masu dako. In ya ji daɗin aikina yakan ja sunan, in ransa ya ɓaci yakan datse shi kamar an bugo ƙofa.

Akwai wani mutum da muke kira Mai Gonaki, wanda irin da yake shukawa shi kaɗai ya isa ya cika sitonmu. Kawu ya daɗe yana zawarcinsa a kan ya kawo mana ajiyarsa. An yi mini alkawari cewa in ya yarda, za a gina ɗakin busarwa na biyu, duka biyun kuma su zama a hannuna. Kowa ya san Mai Gonaki mutum ne mai son taba, ba ƙaramar sigari ta takarda ba, irin mai kaurin nan da ake naɗewa da hannu, ganye a cikin ganye. Da Kawu ya dawo daga wata tafiya, sai ga shi da akwatin katako a hammata, ya rungume shi kamar jariri.

Ya kira ni ofishinsa, ya kira Akanta, wata dattijuwa mai kaifin baki da ta girmi kamfanin kansa a aiki, don mu shaida buɗewar.

"Wannan ita ce tabar manya," in ji shi. "Ku matso ku ga abin da ba ku taɓa gani ba. Ranar da Mai Gonaki zai sa hannu, da wannan zan tare shi."

Ya ɗaga murfin. Ni ban taɓa shan taba ba, warinta ma a mota yakan sa ni ciwon kai, amma abin da ya fito daga akwatin nan ba wari ba ne. Ƙamshi ne mai nauyi, kamar na sabon katako da fata da ƙasar da aka yi wa yayyafi. Tabar tana kwance a jere, launin ƙasa-ƙasa, tana ɗan sheƙi, kowace da zoben takarda mai ruwan zinariya a wuyanta.

"Kai," in ji Akanta, "wannan ai sai a sa ta a cikin kaya maimakon turare."

Kawu ya ɗauki guda yana murmushi, ya matsa ta tsakanin yatsunsa. Ta ɗan lotsa, ta dawo. Murmushin ya ɓace. Ya sake matsawa. Sannan idonsa ya kai kan wata 'yar jaka da ke manne a cikin murfin, ya taɓa ta, ya ji laima, ya janye hannu kamar ya taɓa kunama.

"Difloma! Kawo ma'auni."

Na ruga na kawo ma'aunin danshi, muka sa a akwatin muka rufe na ɗan lokaci. Da muka buɗe, allurar ta haye can cikin ja, inda ko a mafarki ban taɓa barin ta kai ba.

"An cuce ni," in ji Kawu, ya zube a kujera. "Jiƙaƙƙen kaya suka sayar mini. Ni! Ni za a sayar wa jiƙaƙƙen kaya!"

Na tattaro ƙarfin halina na ce, "Kawu, jakar nan fa a manne take da murfin, kamar da gangan aka sa ta. Ko a bari in bincika tukuna?"

"Ganye ne ko ba ganye ba ne?"

"Ganye ne."

"Ganye da danshi in sun haɗu me suke haifarwa? Ai kai ne mai karatu."

"Fumfuna."

"To, me za ka bincika? Cire jakar nan ka jefar. Kai su ɗakinka ka busar mini da su, yadda ake busar da irin kirki."

Ban jefar ba a ranar. Da na tashi aiki na duba a wayata, na karanta wurare da dama, duk bakinsu ɗaya: irin wannan taba da ɗan danshinta ake ajiye ta, in ta bushe ta lalace. Washegari da sassafe na same shi yana shan shayi, na miƙa masa wayar da hannu biyu. Ko karɓa bai yi ba.

"Su wa suka rubuta?"

"Masu sayar da ita, da masu sha."

Ya yi dariya har shayin ya fantsalo. "Masu sayarwa! Difloma, kai dai yaro ne. Ba ka ga masu yayyafa wa buhu ruwa kafin a ɗora a sikeli ba? Mai sayarwa ai dole ya ce maka danshi na da kyau, da shi kayansa ke nauyi. Tun kafin a haife ka nake yaƙi da danshi, yau waya za ta koya mini sana'ata?"

"Ko guda ɗaya a ware, Kawu, a bar ta yadda take, a gwada a gani."

"Guda ɗayar ta yi fumfuna ta shafa wa sauran? Tashi ka ba ni wuri. Duka na ce."

Akanta tana tsaye da takardu a hannu, ta ji komai, har ta ɗaga mini gira.

Na busar da su. Tunda aka ce in yi, na yi shi da iyakar iyawata, domin ban san wata hanyar yin aiki ba. Na jera su a farantin raga, babu wadda ta taɓa 'yar'uwarta, ina juya su safe da yamma don kada wani gefe ya riga wani. Sannu a hankali taushin ya tafi, sheƙin ya dushe, suka yi tauri kamar ƙirare. Ƙamshin ma ya yi ta ja da baya, har sai na kai hancina kusa nake jinsa. Duk da haka na riƙa lallashin kaina cewa Kawu ya fi ni daɗewa a duniya, ƙila ƙamshin ya koma ciki ne, wuta kawai yake jira. Har na fara kwaɗayinta, abin da ban gaya wa kowa ba. Nakan tsaya a gaban farantin in ce a raina, abin da manyan mutane ke ƙetare ƙasashe su nemo, lalle akwai abin da suke ji a cikinsa wanda mu ba mu sani ba.

Ranar da Mai Gonaki zai zo, aka share ofis har ƙarƙashin kujeru, aka shimfiɗa sabon kafet. Kawu ya sayo farantin toka na gilashi da wani ɗan almakashi mai zagayen baki na yanke kan tabar. Na mayar da su akwatinsu a jere, kowace zobenta yana kallon sama. Na lura zoben ya yi musu yawa, yana zamewa.

Mai Gonaki mutum ne ƙaƙƙarfa mai sanyin magana, sanye da farin wando da ba a taɓa ganin ƙura a jikinsa ba. Aka gaisa, aka kawo shayi, aka zagaya da shi sito da ɗakina. Ya yaba da tsabtar wurin, ya tambaye ni abubuwa, na amsa, ya gyaɗa kai. Da muka dawo ofis, Akanta ta ajiye takardun yarjejeniya a kan tebur. Sai Kawu ya jawo akwatin, ya buɗe shi a hankali yana kallon fuskar baƙon.

"Yallaɓai, na ji an ce kana taɓawa. Na ce bari in nemo maka wadda ta dace da kai."

Mai Gonaki ya hango zoben daga inda yake zaune, fuskarsa ta washe. "A'a! Wannan ai ba a samunta ko'ina. Ka san kaya, maigida. Amma ni ba na sha ni kaɗai, sai ka taya ni."

Kawu ya dafa ƙirji. "Likita ya hana ni, yallaɓai." Ni na san babu likitan da ya hana shi, bai taɓa sa taba a bakinsa ba ne kawai. "Ga ɗana nan, Difloma, shi zai taya ka."

"Kawu, ni ban taɓa..."

"Yau ka fara. Wasu da kara suke farawa, kai ka fara da ta manya. Gode wa Allah."

Baƙon ya yi dariya, kofin shayi a hannu ɗaya, biskit a ɗayan. "Fara, samari, bari in ƙarasa wannan. Zan gaya maka yadda ake yi. Yanke kan kaɗan. Kada ka haɗiye hayaƙin, ka riƙe shi a baki, ka bari ya yi maka magana, sannan ka sake shi."

Na ɗauki guda. Da na danna almakashin, sai ta yi ƙas, ganyen waje ya tsage tun daga kai har kusan tsakiya, ɓurɓushi ya zubo a cinyata.

"Hannunka da nauyi," in ji Mai Gonaki, ya ɗan haɗe gira. "A hankali ake bi da ita."

Na ƙyasta ashana, na kai bakin tabar, na ja kamar yadda aka ce.

Na yi zaton zan ji katakon nan da fatar nan da ƙasar da aka yi wa yayyafi. Abin da ya cika mini baki shi ne zafi, da ɗaci irin na maganin da aka tauna bisa kuskure, da ƙaurin tsumman da ya faɗa a murhu. Na jira ya yi mini magana, kamar yadda baƙon ya ce. Babu abin da ya faɗa, sai yankan harshe. Wutar kuwa ba ta tsaya a baki ba, ta bi tsagar nan a guje kamar ta kama busasshiyar ciyawa, tana ƙara tas-tas. Na firgita na ja numfashi, hayaƙin duka ya wuce maƙogwarona.

Ban san mutum yana iya tari irin wannan ya rayu ba. Na dunƙule a kujera, hawaye na zuba, hancina na zuba, ofishin yana juyawa. Ina cikin tarin nan, wani guntun ganye mai wuta ya ɓalle, ya tashi, ya sauka a kan farin wandon Mai Gonaki. Ya zabura ya kakkaɓe, shayi ya zube a sabon kafet. Wandon ya sami ɗan rami mai baƙin baki daidai gwiwa.

Bai yi faɗa ba. Ya ajiye kofin, ya miƙa hannu ya ɗauki taba guda daga akwatin, ya kai ta kunnensa ya murza a hankali. Har daga inda nake ina jin ƙarar. Ya ɗan matsa, ta ruguje a tafin hannunsa. Ya ɗauki wata, haka. Ya dubi cikin murfin, inda shatin jakar nan ya rage.

"Wa ya kashe tabar nan?"

Na dubi Kawu ta cikin hawaye. Na yi zaton zai yi dariya ya ce, yallaɓai, mu mutanen iri ne, mun ga danshi mun tsorata. Da ya faɗi haka, na tabbata da an yi dariya an wuce. Amma ko ƙifta ido bai yi ba. Ya nuna ni da dukan hannunsa.

"Ga shi nan, yallaɓai. Na ba shi ajiya, na ce ya kula da ita kamar ransa. Ashe ɗakin busarwa ya kai ta. Yaran yanzu ke nan, an ba su takarda, sun ɗauka sun fi kowa sani. Ko tambayata bai yi ba."

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe, da maganata a shirye, amma tari ne ya fito. Na sake gwadawa, wani tarin ya turnuƙe ni. Tabar da na yi ta juyawa safe da yamma ita ta riƙe mini murya a daidai lokacin da nake bukatarta. Na dubi Akanta. Ta sunkuyar da kai tana daidaita gefen takardun da tun farko a daidaice suke.

Mai Gonaki ya kakkaɓe hannunsa a kan farantin toka. "Taba ba komai ba ce, wando ma ba komai ba ne," in ji shi. "Abin da ya dame ni shi ne, wanda ya busar da abin da ba a ce ya busar ba, bai kuma tambayi kowa ba, shi ne zai riƙe mini irin shekara guda. Maigida, wurinka ya yi mini. Amma in wannan hannun ne a ɗakin can, sai na sake tunani."

Ya tafi bai sa hannu ba. Kawu ya raka shi har mota yana ba da haƙuri, ya dawo ya same ni inda ya bar ni.

"Share hancinka," ya ce. "Gobe da safe za mu je ofishinsa. Ka ba shi haƙuri, ka ce kai ka yi gaban kanka. Zan ce masa na cire ka daga ɗakin busarwa. Ka koma bakin ƙofa wajen sikeli kana auna buhuna, har ya manta."

Muryata ta dawo, a shaƙe. "Kawu, ai kai ka ce in busar."

"To, sai me? Ni zan je in tsaya a gaban mutum in ce ban san abin da na sayo ba? Kai yaro ne, in ka yi kuskure an ce yaro ya yi kuskure. In ni na yi, kamfani ne ya yi. Ba a koya muku wannan a difloma ba?"

Na fita zuwa famfon da ke bayan sito, na yi ta kurkure baki, ɗacin ya ƙi tafiya. Akanta ta biyo ni da ƙyallen goge fuska.

"Sannu, ɗan manya," ta ce. "Yaya ta manyan take? Ba ni labari, mu ba mu samu ba."

"Anti, kina wurin fa. Kin ji da kunnenki."

"Na ji."

"To, me ya sa kika yi shiru?"

"Kai da yake kawunka ma ga yadda ya yi da kai, ni da ba mu haɗa ko maƙwabtaka ba fa? Ina da yara a makaranta, Difloma. Kunnena ya ji, bakina yana hutu." Ta miƙo mini ƙyallen. "Amma ka iya tari, wannan kam zan ba da shaida ko a gaban wa."

Ban yi dariya ba. Abin da ke cina ba sikelin ba ne, ko da yake ban yi karatu don in tsaya a rana ina ƙirga buhuna ba. Sana'armu ƙarama ce, kowa ya san kowa. Mai Gonaki zai ba da labarin nan a duk inda ya zauna, domin labari ne mai daɗin bayarwa, ni kuma in zama yaron da ke busar da kayan mutane ba da izini ba. Duk siton da na je neman aiki nan gaba, labarin zai riga ni isa.

Na isa gida kafin faɗuwar rana. Mama tana tsakar gida tana kwashe shanya. Ban kai ga gaishe ta ba ta saki zanen da ke hannunta.

"Zo nan. Matso." Ta shinshina rigata. "Taba? Kai? A gidan nan?"

"Mama, bari in yi miki bayani."

"Bayanin me? Na yi ta fama da kai tun kana rarrafe, ko ashana ba ka taɓa wasa da ita ba, sai yanzu da gemu ya fito?"

Da ƙyar na samu ta zauna a bakin baranda. Na kwashe komai na gaya mata, tun daga buɗe akwatin har ramin wando. Tana ji tana ninke kaya a cinyarta. Da na zo inda Kawu ya nuna ni da hannu, sai ta tsaya da ninkin, ta yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Da dukan hannu ya nuna ka, ko? Ba da yatsa ba?"

"Da dukan hannu."

"Haka yake yi. Muna yara ya fasa madubin babanmu da ƙwallo, ina ɗaki ina barci. Aka tashe ni aka zane ni, yana tsaye yana nuna ni haka. Da ya karya keken maƙwabcinmu ma ni ce. Yaya bai taɓa yin laifi ba tunda aka haife shi."

"To, kin gani!"

"Na gani. Ka je ka ba da haƙurin."



"Ka je," ta ce, ta ci gaba da ninki. "Shi ya ɗauke ka aiki lokacin da kake yawo da takarda a hannu. Ni na sha dukan, ga ni ban mutu ba. In ya huce yakan yi alheri, bayan madubin ma ya sayo mini alewa. Ka yi haƙuri, ɗan nan, a zauna lafiya. Kuma cire rigar nan ka jiƙa ta, kada ƙannenka su ji."

Na cire rigar na jiƙa. Ina cuɗa ta a bokiti, raina yana tafasa. Wato ita ta karɓi nata dukan, yanzu an miƙo mini nawa, in karɓa da hannu biyu, in jira alewa. Na faɗa masa sau ɗaya a gaban shaida, na koma na sake faɗa masa da hujja a hannuna, na roƙe shi a ware ko guda ɗaya. An sa ni na lalata abu da hannuna, an sa ni na sha shi, an kuma ce in je in durƙusa in ce ni na ƙirƙiro. Ɗacin tabar yana nan a harshena har na ci abinci, har na kwanta, har na tashi.

Da safe na isa kamfani na tarar da Kawu a tsakar fili, jingine da motarsa, direba ya riga ya tayar da ita. Masu dako suna sauke buhuna daga wata babbar mota. Akanta tana bakin ƙofar ofis da jakarta a kafaɗa. An riga an ajiye kujerar roba kusa da sikeli, an kafa mata laima.

"Difloma, ka makara. Shiga mu tafi. Ka tuna abin da za ka ce?"

 Na gaishe shi yadda na saba, na rusuna. Sannan na miƙe.

"Kawu, ina da magana."

"Ka yi ta a mota."

"A nan zan yi ta."

Masu dako suka tsaya, wani da buhu a ka. Kawu ya cire tabarau ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba. Muryata har yanzu a ɗan shaƙe take, amma na ɗaga ta yadda kowa zai ji.

"Zan bi ka wurin Mai Gonaki. Zan ba shi haƙuri a kan wandonsa, domin daga hannuna wutar ta faɗi. Amma in ya tambayi wanda ya ce a busar da tabar, zan ce kai ne, zan kuma ce na hana har sau biyu ba a ji ba. Ko bai tambaya ba zan faɗa. In ka bar ni a nan, zan hau motar haya in je da kaina. Sikelin nan kuma, Kawu, a nemo mai zama, ni ba zan zauna ba."